Babi Na Sha Huɗu

Litinin, takwas saura kwata na safe

Na riga kowa zuwa ofis, na tura ƙofa, na sake duba littafin. Yana nan yadda na bar shi ranar Juma'a. A shafi na 177 an rubuta "Babi na Sha Huɗu" da manyan baƙaƙe, amma abin da ke ƙarƙashinsa Babi na Tara ne, kalma da kalma, har shafi na 192. Na zaro kwafi biyar daga kwalaye daban-daban, wai ko Allah zai sa ɗaya ya bambanta. Ina! Dubu uku muka buga, waɗanda suka rage a sito ba su kai ɗari biyu ba.

Ainihin babin yana cikin jakata, a ambulan ɗin da 'yar Malam ta kawo, bakinsa a liƙe. A ƙarƙashin tulin takardun teburina na tsince shi, har da tabon kofin shayi a bayansa.

Shekara goma sha tara ina duba rubutu a kamfanin nan. Rula a ƙarƙashin layi, jan biro a hannu, ba na tsallake ko waƙafi. Malam, wanda ya rubuta littafin, shi ya koya min karatun labari a sakandare, shi ne kuma ya laƙaba min Jan Biro. Yanzu idonsa ya tafi, sai dai a karanta masa.

Ban gaya wa kowa ba tukuna.

Litinin, huɗu na yamma

Kaina kamar ana sara shi. Gobe zan yi magana.

Talata, ɗaya da rabi na rana

Na kira Dogo, mai tsara mana shafuka, zuwa bayan injin yankan takarda na nuna masa. Ya karanta layi biyu, ya cire gilashinsa, ya goge, ya mayar.

"Anti, ai na gaya miki," in ji shi. "Babin bai iso ba, ga masu bango suna jira su san kaurin littafin, shi ne na cike gurbin da na tara. Na ce in ya iso ki turo min in musanya. Har 'yar takarda na manna miki a jikin kwamfutarki."

Na ce ban ga wata takarda ba. Ya ce ruwan ɗorawa ce. Sai na tuna ta. Na rubuta lambar wayar wani a bayanta.

Ba laifin Dogo ba ne, haka ake yi tun fil azal. Shi ya sa kafin a kai maɗaba'a ake kawo min gwajin bugu, kowane babban falle mai shafi goma sha shida in karanta shi, in sa hannu a kusurwa. Ba a taɓa injin sai an ga hannuna. Dogo bai tambaye ni komai a kan wannan ba, Allah ya saka masa. Ya dai tsaya yana kallon takalminsa.

Laraba, goma na safe

Manaja ya saurare ni har ƙarshe, yana juya mabuɗin mota a yatsa.

"Mutum nawa suka kira?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"A shafinmu na intanet fa?"

"Ba kowa."

"Sati nawa da fitowarsa?"

"Biyar."

Ya kwashe da dariya, wallahi har da buga tebur. Ya ce to ina matsalar take? Na ce matsalar ita ce babi guda babu shi. Ya ce Hajiya, littafin da ake yayi ba karanta shi ake yi ba, riƙe shi ake yi. Ya ce in na kuskura na buɗe baki, Mai Hawaye da mabiyanta za su yi mana ca, su mayar da mu abin dariya kafin la'asar, kuma ba shi kaɗai zai sha ba, mutum goma sha ɗaya ne ke ci a ƙarƙashin rufin nan. Ya ce in je in sha ruwan sanyi.

Bari in rubuta yadda aka fara, ko zan gane da kaina. Wata biyu da suka wuce muka raba babin farko kyauta, kamar yadda muka saba, ba mu sa ran komai ba. Wata yarinya mai mabiya kusan rabin miliyan ta karanta sakin layi ɗaya a bidiyo, inda Malam ke kwatanta hannun mahaifiyarsa, ta fashe da kuka, kwalli na zuba. Mu ne muka sa mata Mai Hawaye a ofis. Kafin kwana biyu waya ta hana mu sakat. Littafin da muka tsara fitarwa bayan wata huɗu, Manaja ya ce kwana goma, kafin abin ya huce. A makon ne kuma ya ɗora min kula da shafin kamfani, wai ni ce na iya rubutu babu kuskure.

Na gaji da wannan bayanin. Kamar ina kare kaina a gaban alƙali.

Alhamis, shida da rabi na yamma

Malam ya kira. Na ɗauka.

"Jan Biro, kin ɓuya."

"Aiki ne, Malam. Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi. 'Yata tana karanta min littafin in ta dawo daga aiki, kaɗan-kaɗan. Yau mun kai shafi na casa'in." Ya ɗan yi tari. "Ke da kike ganin abin da mutane ke rubutawa, babu wanda ya ce komai a kan na sha huɗu?"

Na ce suna ta yabo, Malam.

Ya ce madalla. Sannan ya ce in gaida yara.

Suna ta yabo. Daga bakina ta fito, ba wanda ya matsa min.

Asabar, uku na yamma

Na ce yau zan zauna in buɗe ambulan ɗin. Na share tsakar gida, na wanke labulen da bai yi datti ba, na jera takalman yara. Na zauna, na ɗora shi a cinya, waya ta yi ƙara. Da na ɗago kai azahar ta yi, ambulan ɗin ya zame ƙasa, ni kuwa ina kallon wata mata tana koya wa kyanwa buɗe firiji.

Baban yara ya leƙo ya ce, "Wai ke da kike yi mana wa'azi a kan waya, yanzu ko tuntuɓe kika yi sai kin duba ta kafin ki duba ƙafarki." Na ce aiki nake yi. Ya ce to Allah ya ba da lada, kyanwar ma ma'aikaciyarku ce?

Ban yi dariya ba. Ya tsaya ya dube ni, ya fita bai ƙara ba.

Lahadi, biyar na yamma

Na gwada karanta wani tsohon littafi da nake so tun ina budurwa. Shafi ɗaya da rabi, hannuna ya tafi neman waya da kansa. Na sa ta a ɗakin girki. Na karanta sakin layi ɗaya sau uku ban san me ya ce ba. Na tashi na ɗauko ta.

Litinin, tara na safe

Sabon salo ya fito. Yanzu rufe rabin fuska ake yi da littafin, a sa mayafi ko hula shuɗiya kalar bangon, a ɗauki hoto. Sunansa ma sun daina faɗa, Mai Shuɗin Bango suke cewa. Wata ta rubuta cewa ya canza mata rayuwa, na duba hoton da kyau, ledar da muke naɗe shi da ita ko ɓarewa ba ta yi ba. Wani mai shagon littattafai ya kira yana tambaya ko muna da wani littafin mai irin wannan shuɗin, ko me ke ciki.

Aikina shi ne in bi su ɗaya bayan ɗaya in danna musu alamar zuciya in ce mun gode. Yau na yi wa mutum ɗari da arba'in. A kowane sharhi ina cewa wannan ne zai faɗi batun babin. Abin da ban gane ba, in na ga bai faɗa ba, ba sanyi nake ji ba. Haushi nake ji, kamar in kama wuyan rigarsa in ce karanta mana!

Ni da wane bakin?

Talata, bakwai saura na yamma

Shafi na ɗari da ashirin da shida. Malam ya sake tambaya. Na sake faɗa.

Laraba, biyu na rana

'Yar Malam ta zo karɓar kwafi goma na 'yan uwa. Da can in ta shigo sai ta zauna a gefen teburina mu taɓa hira, ta ci min gyaɗa. Yau a tsaye ta gaishe ni.

"Ina wuni, Anti."

"Lafiya lau. Zauna mana."

"A'a, sauri nake."

Idonta ya sauka a kan jakata, ko kuwa ni ce na ga haka. Na ce ya Baba? Ta ce yana nan, ba ya cin abinci sosai. Na ce a gaishe shi. Ta ce, "Ai ya fi son ki zo da kanki." Ta ɗauki kwalinta ta fita, ko Dogo ba ta tsaya sun yi tsiyar da suka saba ba.

Na lissafa. In suna yin shafi bakwai ko takwas a rana, ina da mako guda.

Alhamis, takwas na safe

Gobe.

Juma'a, uku da rabi na yamma

Taro a ofishin Manaja. Za a sake buga dubu biyar. Na ce to alhamdu lillahi, sai a sa babin. Ya ce a'a. In aka sa, wani zai haɗa tsoho da sabo ya gani, dubu ukun farko su dawo mana a kai. Kuma sabon tsari zai ci mako biyu, yayin nan kuwa ya fara sanyi, an ce wani littafi mai jan bango ya taso daga wani kamfani. Yadda yake za a mayar da shi. Ranar Juma'a mai zuwa maɗaba'a ke son fallayen da sa hannuna.

Sannan ya karanta mana sabuwar doka. Daga yanzu duk marubucin da ya kawo aiki, kafin a buɗe shi a tambaye shi mabiyansa nawa. Babi kada ya wuce shafi huɗu. A sa abin kuka a shafin farko. Dogo ya ce, "Ranka ya daɗe, in marubucin ba shi da waya fa?" Manaja ya ce to ya je ya karanta wa jikokinsa.

Ba mugu ba ne. Na san shekarun da muka yi muna buga littafi ɗari biyar, ɗari uku su yi ƙura a sito har ɓera ya yi gida a ciki. Wannan ne karo na farko da na ga ya sayi sabuwar taya ba ta hannu ba. Amma na gaji da fahimtar kowa.

Asabar, huɗu na yamma

Baban yara ya same ni a ɗakin girki ina tsaye, tukunya na ƙonewa a gabana. Ya kashe wutar ya ce, "Faɗa min." Na faɗa masa. Na ce Dogo, na ce Manaja, na ce kwana goma, na ce yarinyar nan mai kuka. Ya bari na gama.

"Ke fa?"

Na ce ni me?

"Ban ji sunanki a ciki ba."

Na ce ya fita min daga ɗakin girki. Ya fita. Na kankare tukunyar har hannuna ya yi ja.

Lahadi, bakwai na safe

To, ga sunana.

Ranar da aka kawo gwajin bugu, falle goma sha huɗu ne. Na karanta uku na farko da rula, yadda na saba. A na huɗu Mai Hawaye ta sa sabon bidiyo, sharhi ya rinƙa shigowa kamar ruwan sama, Manaja na leƙowa yana cewa ki amsa musu, ki amsa musu. Daga nan na rinƙa ɗaga kusurwa ina sa hannu, waya a hannun hagu, biro a dama. Falle goma sha ɗaya na sa wa hannu ban karanta ba. Ba wanda ya riƙe min hannu. Kuma daɗi nake ji a lokacin, wannan ne abin da ya fi ci min rai. Duk alamar zuciyar da ta shigo ji nake kamar ni aka yaba.

Littafin malamina. Ni ma ban kai shafi na 177 ba sai da ya yi wata guda a kasuwa, shi ma don ina neman layin da zan sa a shafinmu ne.

Talata, shida na yamma

"Ɗari da sittin da takwas, Jan Biro. Mun kusa."

Yau bai yi tambayar ba. Da ma ya yi.

Laraba, sha biyu na rana

Fallayen suna kan teburina. Dogo ya ajiye su a hankali kamar mai ajiye ƙwai, ya ce, "Anti, ni dai ban ce komai ba." Na ɗora musu rula don kada fanka ta kwashe su.

Alhamis, bakwai da kwata na yamma

Na je.

Na bar wayar a aljihun teburin ofis da gangan, a cikin mota hannuna sai lalube yake a jaka. 'Yar ce ta buɗe min ƙofa, ta ce yana ciki. Yana zaune a kujerarsa ta kusa da taga, ya rame, littafin a kan cinyarsa, tafin hannunsa a kai. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce in hau kujera, na ce nan ma ya yi.

Na tsara magana tun daga ofis, amma da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Malam, babin ba ya ciki."

Ya ce, "Na sani."

Na ɗago kai.

"Ranar da aka kawo min shi, kafin in sha ruwa na ce wa yarinyar nan buɗe min na sha huɗu. Wane marubuci ne zai fara daga shafin farko? Ta karanta layi ɗaya na ce tsaya."

'Yar tana tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Ta ce, "Ni na so in zo ofishinku a ranar, Anti. Shi ya hana."

Na ce to Malam, shafukan da kake ta ƙirga min fa?

"Ke nake ƙirga wa. Na ce in kin ji muna matsowa za ki buɗe ki gani, ko ki zo." Ya shafa bangon. "Da farko ma ba ke nake jira ba. Na ce mutum dubu uku, a cikinsu wani zai kai wurin, ya kira ku ya yi faɗa, ya ce an cuce shi. Wallahi da na ji daɗin faɗan nan. Kullum in ce yau ne. Da na tambaye ki kika ce suna ta yabo, sai na gane babu." Ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina. "Ke dai kin karanta shi a rubutun hannu, ko? Ya kika gan shi?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na zaro ambulan ɗin na sa masa a hannu. Ya bi bakinsa da yatsa, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya ji a liƙe yake.

Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ashe har ke."

Na yi kuka, irin mai majina, ba irin na bidiyo ba. Ba wanda ya ce in yi haƙuri. Da na lafa ya miƙo min ambulan ɗin ya ce, "Buɗe. Da ƙarfi za ki karanta, kunnena ma ya fara bin idon."

Shafi talatin da ɗaya ne na littafin makaranta, da rubutun 'yarsa, shi yana faɗa tana rubutawa. A kan matarsa ne, marigayiya. Ba ta yi makaranta ba. Shekara talatin da huɗu tana ce masa ya koya mata karatu, shi da ya koya wa 'ya'yan mutane, yana ce mata gobe, yau na gaji. Sai dai ya karanta mata da yamma in ya ga dama. Bayan rasuwarta aka buɗe akwatinta aka sami tsofaffin littattafan 'ya'yanta na aji ɗaya, ta bi kowane baƙi da fensir a ɓoye, ta kai har rabin na biyu. Duk sauran littafin, in ji shi a babin, hanya ce kawai ya yi don ya iso nan ya ba ta haƙuri a gaban mutane.

A shafi na uku hannuna ya tafi jaka. Babu komai a ciki sai mabuɗi. Na dawo da shi na sa yatsa a ƙarƙashin layi. Wajen shafi na goma na daina jin motocin titi. 'Yar ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ni, a wani wurin ta gyara min kalmar da ban gane rubutunta ba. Na kai ƙarshe muryata ta dushe.

Malam ya ce, "To. Mutum ɗaya ya karanta."

Juma'a, tara da rabi na safe

Na zo da sassafe na buga babin da kaina, na bi shi da rula sau biyu, na gyara kuskure huɗu, duk nawa. Dogo ya zuba shi a gurbinsa, ya zauna daidai, har da ragowar rabin shafi.

Na kai wa Manaja fallayen babu sa hannu, na ɗora babin a kai. Na ce ko a sa shi, ko a nemi wani ya sa hannun, kuma ko ta yaya aka yi, yau zan rubuta a shafinmu cewa dubu ukun farko babu babi guda, ni ce ban duba ba. Ya ce na san abin da nake jawo wa kaina? Na ce na sani. Ya ce in fita ya yi tunani, kada kuma in taɓa shafin sai ya kira ni. Na ce zan jira har ƙarfe biyu.

Ina bakin ƙofa ya ɗaga takardun yana kaɗa su, ya ce, "Fisabilillahi Hajiya, duk wannan tashin hankalin, wa zai karanta?"

Na ce, "Ni na karanta."

Yanzu goma saura. Na karɓo wani kwafin fallayen a wurin Dogo, na buɗe falle na huɗu, na sa rula a layin farko.